Meyo La, In Ji Mai Gadi

Butarsa ce ta fara gangarowa daga sama, tana bugun matakala, har ta zo ta tsaya a bakin ƙofata. Na ajiye muciya na leƙa. Ɗan Baba Yunusa ne yake fito da kayan ubansa daga ɗaki yana turawa da ƙafa, ga waya maƙale a kunne, yana ta ƙyaƙyata dariya da wani. Tsohon kuwa yana zaune a kan akwatinsa, sandunansa biyu a cinya, farar hularsa a ka, ya zuba wa bango ido.

"Kai malam, lafiya? Ina za ka kai shi?"

Ko waiwayowa bai yi ba. Na ɗauki butar na hau na ɗora wa tsohon a cinya. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce, "Sheshe, Sabuwa." Wato ya gode.

Ni ce Sabuwa, 'yar Fagge a Kano. A shekarar da China ta yi wasannin Olamfik ina zaune da maigidana a Shiyobe, unguwar da 'yan kasuwarmu ke sauka a Guangzhou. Ina tuƙa tuwo a hawa na uku ina sayar wa masu kewar gida. Baba Yunusa maƙwabcinmu ne na sama, ɗan ƙasar, tsohon soja, ƙafarsa ta hagu a gwiwa ta tsaya.

Da faɗa muka san juna. Satin da muka tare na hango buta a bakin ƙofarsa, na ce wallahi tamu ce, don me ɗan China zai yi da buta? Na hau da masifata, sai na iske tsoho zaune kan 'yar kujera yana wanke ƙafarsa guda ɗaya har idon sawu, sau uku. Ya ɗago ya yi mini sallama, da wata irin murya kamar yana rera waƙa. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Yunusi." Daga ranar duk abin da na dafa sai na hau masa da kwano.

Sauran labarinsa a bakin Habsatou na ji, wata 'yar Yamai da ke karatun likita a Tianhe, mai zuwa cin tuwo duk Asabar. Ita ce kaɗai a cikinmu ta iya harshen nan da gaske. Ta ce yana saurayi aka kai shi yaƙi a Koriya, kuma ba harsashi ne ya cire ƙafar ba, ƙanƙara ce ta cinye ta. Matarsa ta rasu tuni. Ɗansa guda ɗaya ne, ya bar salla tun yana yaro, yanzu kuma ɗakin yake so ya mayar sito, don haka ya samo wa uban gurbi a gidan tsofaffin sojoji. Sito! A ce ubanka da ya haife ka ka ɗauke shi don kwalayen takalmi su sami wurin kwana.

Ba a daɗe da tafiyar Baba Yunusa ba maigidana ya koma Najeriya sabunta biza. Lokacin an matsa wa baƙi ƙwarai saboda wasannin, 'yan sanda suna tsare mutane a bakin gada da tashar jirgin ƙasa suna tambayar fasfo. Mazan da ke cika mini falo suna buɗe murya a kan siyasa duk suka koma kamar kajin da ruwa ya daka. Na ce wa zai raka ni in gaida Baba Yunusa? Wannan ya ce yana da lodin kaya a tashar jiragen ruwa ta Nansha, wancan ya ce ciwon kai. Tsohon da duk Juma'a suke cewa "Baba, a yi mana addu'a."

Sai ƙanin mijina Maidaji ya rage. Maidaji dillalin wayoyi ne, kuma a wurinsa babu wanda ya kai shi jin harshen China a duk Shiyobe. Abin da ya iya bai wuce nawa ne, ya yi tsada, da kawo wani ba, amma in yana yi har da ɗaga gira.

"Anti, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "In dai ina nan, ba ki da buƙatar tafinta."

"Ai na sani. Kai ne ka sayo mana garin sabulu a matsayin fulawa."

"Wancan laifin mai shago ne."

Gidan sojojin tsohon gini ne na jan bulo, da ginshiƙai da baranda mai tsawo, an ce tun zamanin kakanninsu aka yi shi don waɗanda yaƙi ya nakasa. A tsakar gida akwai wata tsohuwar igwa da aka shafe da baƙin fenti, da manyan itatuwa masu jijiyoyi suna reto kamar gemu. Bangon zaure cike yake da hotunan samari cikin kaki. Ranar an kawo 'yan makaranta sun yi layi suna waƙa, tsofaffi a kekunan guragu suna tafi, masu hannu ɗaya suna buga cinya. Na duba ko'ina ina neman abin kushewa, wurin tsaf yake, ko ƙuda babu. Wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

Muka same shi a wani dogon ɗaki mai gadajen ƙarfe a jere. Ya rame. Abincinsu ba ya ci saboda naman alade, sai farar shinkafa da ganye. Na buɗe masa kular farfesun kaza, ya sha har yana gumi, ya miƙa ragowar ga na gadon kusa da shi, wani tsoho mai faɗin ƙirji da ba shi da ƙafa ko ɗaya, kullum da taba a bayan kunne. Mai Taba na sa masa.

Da za mu tafi Baba Yunusa ya riƙo gefen mayafina. Ya karɓi ashanar Mai Taba ya ƙyasta, ya nuna wutar, ya nuna jikinsa, ya girgiza kai da ƙarfi.

"Buyau," ya ce. "Buyau, buyau."

"Wai ba ya so," in ji Maidaji.

"Na ji, ba kurma ba ce ni."

Ya hure wutar. Ya miƙa hannu cikin tukunyar fulawar da ke kan taga ya ɗebo ƙasa, ya buɗe tafina ya zuba, ya rufe da nasa hannun. Sannan ya ce, "Ahun. Sabuwa, ahun." Ahun shi ne liman a bakinsu. Ba sai an fassara mini ba. A garin nan ƙona gawa ake yi, Musulmi ne kawai ake bari a binne, kuma sai in an sami mai tsayawa. Limamin tsohon masallacin garin ya san shi. Abin da ake buƙata kawai a kai masa labari da wuri, shi zai zo da mutanensa su karɓi gawar. Baba Yunusa ya san ɗansa ba zai yi ba.

"In sha Allahu, Baba," na ce, na dafa ƙirjina. Ya saki mayafin.

Na ci gaba da zuwa duk lokacin da na sami sarari, kuma kullum sai na ga ya ƙara lalacewa. Ɗan nasa sau ɗaya na gan shi a can. Ya zo da kwandon lemo, ya maƙala wa uban lambobin yabonsa na soja a ƙirji, ya sa aka ɗauke su hoto, ya tafi ko zama bai yi ba.

Ranar wata Talata da hantsi muka isa, ni da kula, Maidaji da tabarau. Mai gadin ƙofa ya san mu, dattijo ne mai fara'a, kullum ɗaga mana hannu yake mu wuce. Ranar sai ya fito daga ɗakinsa ya tsaya a gabanmu.

"Nihau, lawban," in ji Maidaji, yana kiransa maigida yadda ake kiran mai shago. "Yunusi. Lao Yu." Haka suke kiran tsohon a can.

Mai gadi ya dube ni, ya dubi kular. Ya ce a hankali, "Meyo la."

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a China ya san meyo. Babu kenan. Ka tambayi kaya a ce meyo, ka nemi ragi a ce meyo, ka je banki a ce meyo. Mu kuma mun saba meyo ba ƙarshen magana ba ce. Wani lokacin akwai kayan, mai shago ne bai ga dama ba, in ka matsa sai ya shiga ciki ya fito da su.

"Yo, yo!" Maidaji ya ce, wato akwai. "Yana ciki, mun sani. Anti, kin ga halinsu ko? Saboda wasannin nan ne, an hana baƙi shiga. Shi ne yake mana meyo."

"Ka tambaye shi ko asibiti aka kai shi."

Maidaji ya yi wani gwaranci yana nuna allura a hannu. Mai gadi ya girgiza kai. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya sake cewa, "Meyo la." Ni na ɗauka zafi ne ya dame shi, don ranar garin kamar tanda.

"Ka tabbata ka gane abin da yake faɗa?"

"Haba Anti! Meyo fa? Shekara nawa ina jin meyo? Cewa yake yau babu ziyara, mu dawo wani lokaci."

Mai gadi ya yi mana alamar mu jira, ya koma ɗakinsa ya ɗauki wayar tebur. Nan fa idon Maidaji ya raina fata, don bizarsa saura ƙiris ta mutu.

"'Yan sanda zai kira. Wallahi 'yan sanda zai kira. Mu tafi!"

Ya fizgi kular daga hannuna ya tsayar da tasi. Muna shiga na waiwaya na ga mai gadin ya fito har bakin titi yana ɗaga mana hula yana kira. Maidaji ya daki kujerar direba ya ce ya taka. A hanya yana ta yi mini bayanin yadda ya cece mu. Farfesun ma shi ya shanye.

Ran Asabar Habsatou ta zo. Tana cin tuwo ina wanke-wanke ina ba ta labarin wulaƙancin da aka yi mana, Maidaji yana gefe yana ƙara gishiri.

"Tanti, dakata," ta ce. "Mi ya ce daidai?"

"Meyo."

"Meyo kawai?"

"Meyo la," in ji Maidaji. "Duk ɗaya ne."

Ta ajiye lomar da ta ɗauko. "Kun ambaci sunan mutum, ya ce meyo la? Kuma ya tuɓe hula?"

"E."

"Inna lillahi. Tanti, ba a ce ma mutum hakanan sai in ya rasu. Ba su son hwaɗin mutuwa kai tsaye, sai su ce babu shi kuma."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce cikin ruwa. Habsatou ta goge hannu ta nemo lambar gidan sojojin ta kira. Ta daɗe tana magana, tana cewa to, to, da harshensu, muryarta tana ƙara yin ƙasa. Da ta kashe ba ta dube ni ba.

"Da sahen Talatar nan ya cika. Lokacin da kuka zo yana ciki, ba a ma ɗauke shi ba. Mai gadi nas ce ya kira, don ta zo ta yi muku bayani. Sun ce tsohon ya yi ta hwaɗin wata baƙar mace za ta zo."

"Yanzu yana ina? Maidaji, tashi ka tafi wurin liman!"

"Tanti." Ta riƙe hannuna. "Sun tambayi ɗansa yadda za a yi, tunda shi ke da iko. Jiya anka ƙone shi."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko da mahaifina ya rasu, don shi na ga an ɗauke shi a makara an yi masa sutura. Wannan bawan Allah shekara fiye da hamsin yana salla da ƙafa ɗaya, abu guda ya roƙa a duniya, rami. Yana kwance bayan katanga, ga mu a ƙofa da farfesu.

"To ai ni la ɗin ne ban..." Maidaji ya fara.

"Rufe mini baki! Na tambaye ka ko ka gane, ka ce shekara nawa. Da ka ce ba ka sani ba wani abu zai ragu a jikinka?"

Ya cire tabarau ya fita. Daga baya na ji wurin liman ya tafi, a ƙafa, ta gaban 'yan sandan da yake tsoro, kuma liman ya ce za su yi masa salla ko babu gawa.

A sama kuwa ana ta jan kaya. Na tashi na ja Habsatou muka hau. Ɗan yana tsaye a ƙofar ɗakin yana nuna wa ma'aikata inda za su jera kwalaye.

"Tambaye shi me ya sa bai kira liman ba."

Ta tambaya. Ya ɗaga kafaɗa ya amsa a taƙaice, idonsa a kan kwalaye.

"Wai abin da wahala. Wai sai an yi ta zirga-zirga, shi kuma yana da aiki. Wai wanda ya mutu bai san bambanci ba."

"Ce masa uban ya sani. Ce masa ya faɗa, da bakinsa, da ashana a hannu."

Wannan karon ya juyo ya dube ni, karo na farko tunda na san shi. Ya yi magana a hankali, har da ɗan murmushi.

"Me ya ce?"

"Tanti, mu sauka."

"Me ya ce, Habsatou?"

"Wai ubanshi ne, ba naki ba. Wai in ya dame ki haka, mi ya hana ki zuwa?"

Da ina da ƙarfin namiji da na jefo shi ƙasa shi da kwalayensa. Na juya na sauko ina riƙe da bango.

Habsatou ta ce in kwanta. Na ce a'a, sai na je gidan. Ta ce babu abin da ya rage a can. Na ce na sani.

Da la'asar muka isa. Mai gadi yana ganina ya miƙe ya buɗe ƙofa, ni kuwa ban iya haɗa ido da shi ba. Muka wuce zaure. Tsofaffi sun taru gaban talabijin suna kallon masu ninƙaya, ana ta ihu.

Dogon ɗakin babu kowa sai Mai Taba a kekensa. Gadajen suna jere kamar kullum, kowane da farin zani a ɗame, ban da na Baba Yunusa. An naɗe katifar, kuma gadon ya fita daga layi, ya karkace, ya tare rabin hanya.

Mai Taba ya yi ta magana yana nuna gadon, yana nuna taga. Habsatou ta saurara har ya gama.

"Ya ce da abin ya zo, Baba ya roƙi a juya shi ya dubi inda rana ka hwaɗuwa. Nan ƙasar alƙibla yamma take, Tanti. Ya ce shi bai san dalili ba, bai tambaya ba. Babu kowa kusa, sai ya danne birkin kekenshi ya jawo gadon da hannu, da mutumin a kai. Ya ce Baba ya ɗaga yatsa guda yana ta maimaita wata magana har ya yi shiru."

Na dubi ƙasa. Ƙafafun gadon sun karce siminti, layi biyu farare.

Wata nas ta shigo da zannuwa a hannu. Ta gaishe mu da kai, ta ajiye su, ta kama ƙarfen gadon za ta mayar da shi layi. Mai Taba ya tura kekensa ya shiga tsakanin gadon da bango, ya danne birki. Ta yi masa magana a hankali, kamar wadda ta saba da wannan rigimar, bai ko dube ta ba. Sai ta kwashi zannuwanta ta wuce gado na gaba.

Ya zaro tabar daga bayan kunnensa ya sa a baki, bai kunna ba. Rana ta sauko ta tagar ta kwanta a kan ƙarafan gadon, muka zauna mu uku.